YouTube, Arewa24 ko Netflix: Ina Ya Fi Dacewa a Kalli Fim Mai Dogon Zango?

Ƙanwata ta tare a Rikkos, kuma cikin kayan ɗakinta akwai talabijin irin wadda ake jonawa da intanet. Sati biyu da tarewa sai ga kiranta. "Yaya, don Allah wanne zan biya? Wata ƙawata ta ce Netflix, wata ta ce in daina ɓarnar kuɗi tunda komai yana YouTube, shi kuma maigidan cewa ya yi a ɗaura dish kawai a huta." Na ce ta ba ni kwana biyu. Amsar da na ba ta ce na faɗaɗa a nan, don na san gidaje da yawa a Jos suna cikin wannan ruɗani, musamman idan hunturu ya kankama, sanyi ya kora kowa ɗaki tun bayan Isha'i, dare kuma ya yi tsawo.

Abubuwan da na auna da su

Yawancin mutane da farashi suke farawa. Ni tambayata ta farko ita ce: da wa za a kalla? A gidajenmu kallo ba abin mutum ɗaya ba ne. Falo ɗaya ne, talabijin ɗaya ce, ga Hajiya a kan kujera, ga yara a ƙasa, ƙanin miji ya shigo cin tuwo, maƙwabciya ta leƙo aron wani abu ta zauna. Fim ɗin da ya yi daɗi a waya da abin saurare a kunne yana iya zama abin da zai sa kowa ya sunkuyar da kai a falo. Na taɓa ganin haka a gidan wani abokina, mahaifiyarsa ta tashi ta fita ba ta ce uffan ba, kuma har yau abin yana damunsa.

Bayan wannan sai kuɗi, amma kuɗin gaskiya, wato na wata haɗe da na data. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗin da ya kai kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, data ce ke cin aljihu fiye da rajistar kanta. Netflix da kansu sun bayyana lissafin: hoto mai matsakaicin kyau yana cin kusan giga 0.7 a awa ɗaya, mai kyau sosai yana iya kai giga 3. Wanda ke kallon awa biyu kowane dare ya yi awa 60 a wata. A matsakaici giga 42 ke nan, a mai kyau sosai kuwa giga 180. Duk wanda bai yi wannan lissafin ba kafin ya kunna talabijin mai intanet, datar wata za ta ƙare masa cikin 'yan kwanaki.

Sai ɗorewa: labarin zai kai ƙarshe, ko za a bar ka a rataye? Gobe za ka same shi inda ka bar shi? Sai sauƙi, wato harshe, wuta da ƙarfin sabis a unguwarku. Na ƙarshe haɗari, ga waya, ga aljihu, ga tarbiyyar yara.

YouTube da fina-finan Kannywood

Nan ne kasuwar fim ɗin Hausa ta koma bayan faifan CD ya mutu, kuma kullen korona na 2020 ya ƙarasa tura kowa can. A shekarar ce Labarina na Aminu Saira ya fito, da Nafisat Abdullahi, 'yar garin nan, a matsayin Sumayya. A shekarar ce kuma Izzar So na Lawan Ahmad ya kama jama'a a tashar Bakori TV. Daga baya irin su Manyan Mata da Gidan Sarauta da Garwashi suka biyo.

Ba a biyan ko sisi na rajista. Data kawai, sai haƙurin talla. Wanda tallar ta ishe shi akwai YouTube Premium, da farashinsa ya koma Naira 1,700 a wata ga mutum ɗaya a 2025. Kuma mai kallo yana da iko ya rage ƙarfin hoto zuwa 360 ko 480, wanda a waya bai da wata illa, datar kuma ta yi auki. Yawancin waɗannan fina-finan ana iya sauke su a cikin manhajar, don haka mai dabara yakan sayi datar dare mai araha, ya sauke kashi uku ko huɗu yana barci, washegari a kalla ko sabis ya ɗauke.

Ta fuskar falo, wannan ce hanya mafi kwanciyar hankali bayan Arewa24. Harshenmu ne, suturarmu ce, rigimar kishiya ce da gado da talauci da soyayyar da iyaye suka ƙi, abubuwan da Hajiya za ta sa baki a kai ta ce "wallahi haka aka yi wa wance." Ba na cewa duk abin da ke ciki tarbiyya ne. Akwai ashariya da habaici da nuna dukiyar ƙarya a wasu. Amma da wuya ka yi wuf ka nemi rimot.

Inda nake da ƙorafi, kuma ina faɗa ne don ina son masana'antar, shi ne ɗorewa. Kuɗin masu shiryawa yana zuwa ne daga talla da yawan masu kallo, saboda haka idan labari ya karɓu ba a son a rufe shi. Sai a yi ta ja. Abin da zai ƙare a kashi 20 sai ya haura 100, kamar yadda Izzar So ya yi. Ana cikin tafiya jarumi ya samu saɓani da mai fim ya fita, a kashe shi a labari ko a sauya fuska. Masu bin Labarina sun ga haka lokacin da Nafisat ta bar shirin, Fati Washa ta ɗauki matsayin Sumayya, kafin daga baya a buɗe sabon labari gaba ɗaya da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara. Wasu ƙananan fina-finan kuwa a tsakiyar hanya kuɗi ke ƙare musu, shi ke nan an bar ka da tambayar da ba mai amsa maka. Akwai kuma hannun hukuma: a watan Mayun 2025 hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta sanar da dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kai su an tace ba kafin a sake su. Mu a Filato muke, amma tunda a Kano ake shirya yawancinsu, abin da ya taɓa su can yana iso mu nan.

Haɗarin YouTube ba fim ɗin ba ne, abin da ke biyo bayansa ne. Kashi ya ƙare, manhaja ta zaɓo wani bidiyo da kanta ta ci gaba. Yaro aka bari da waya yana kallon barkwanci, bayan rabin awa ba ka san inda ya kai ba. A kashe wannan maɓallin na ci gaba da kai. Sannan a lura da tashoshin bogi masu ɗora hoton jarumi su rubuta sabon kashi alhali tsohon abu ne suka yanko. A nemi tashar mai fim ɗin ta ainihi, Saira Movies ga Labarina misali, don kallon da ka yi a can ne ke zama kuɗin da za a ɗauki kashi na gaba.

Arewa24 a dish

Shawarar angon ƙanwata ba ta banza ba ce. Arewa24 ta fara aiki a 2014, ana kama ta kyauta a satalayit, tana kuma cikin DStv da GOtv da StarTimes. Wanda ya ɗaura dish ya sayi dikodar da ke kama tashoshin kyauta, kuɗin farko ne kawai, ba na wata, ba na data. A tsadar rayuwar nan wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Uku daga cikin shirye-shiryenta nake ba da shawara ba tare da shakka ba. Daɗin Kowa, wanda ya ci kyautar Africa Magic ta 2016 a ɓangaren Hausa, labarin wani ƙirƙirarren gari ne mai almajirai da 'yan kasuwa da baƙi da masu addinai mabambanta suna zaune tare, ana saɓawa ana shiryawa. Sunan ya zo ɗaya da unguwar Daɗin Kowa ta nan Jos, kuma duk wanda ya rayu a garin nan ya ga abin da rashin jituwa ya jawo mana tun 2001, zai kalli shirin da wani ido daban. Sai Kwana Casa'in, da ya fara a 2019, labarin siyasar ƙirƙirarriyar jihar Alfawa: gwamna Bawa Maikaɗa, wanda Sani Mu'azu ɗan Jos ya fito a matsayinsa, da ɗan jarida Sahabi, da yadda ake cinikin zaɓe da asibiti da gidan jarida. A ganina har yau ba a rubuta fim ɗin siyasa da Hausa da ya kai zangonsa na farko tsari ba. Na uku Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, barkwancin attajiri mai maƙo da tarin 'ya'yan da ke jiran gado. Shi ne wanda kaka da jika za su yi dariya a wuri guda.

Matsalar a bayyane take. Tasha ke da lokaci, ba kai ba. An ɗauke wuta ƙarfe takwas, in ba inji ko sola, shirin ya wuce sai maimaici. Da damina kuma, a Yuli da Agusta da ruwan Jos ke sauka kamar da bakin ƙwarya, hoton dish yakan tsinke daidai lokacin da hadari ya haɗu. Tashar tana da manhajarta ta biya, Arewa24 On Demand, ga mai son ya kalla lokacin da ya ga dama, amma da ka shiga nan ka dawo kan lissafin data.

Netflix

Netflix ta shigo Najeriya a Janairun 2016, kuma da Naira ake biya. A tsakiyar 2025 farashin ya tsaya haka: Naira 2,500 na waya kaɗai, 4,000 na na'ura ɗaya har da talabijin, 6,500 na na'ura biyu lokaci guda, 8,500 na huɗu da hoto mafi kyau. An ƙara kuɗin sau biyu a 2024, aka sake ƙarawa a 2025, don haka a duba kafin a biya. Abin da mutane ke mantawa shi ne tsarin 2,500 ba ya buɗewa a talabijin. Ƙanwata da talabijin ɗinta, daga 4,000 za ta fara.

A ingancin aiki babu haɗi. Hoto, sauti, rubutu, duk an kashe musu kuɗi. Babu talla. Kuma abin da ya fi burge ni: labari yana ƙarewa. Blood Sisters na 2022, labarin ƙawaye biyu da suka shiga gudun ceton rai bayan ango ya mutu ana tsakiyar biki, kashi 4 ne kacal a zangon farko, a ƙarshen mako ɗaya an gama. King of Boys: The Return of the King na Kemi Adetiba kashi 7 ne. Aníkúlápó: Rise of the Spectre na Kunle Afolayan, da Yarabanci, kashi 6. Akwai ma wanda aka gina a kan Arewa, War: Wrath and Revenge, da ya fito a ƙarshen 2023 da Rahama Sadau da Yakubu Mohammed, labarin neman kujerar gwamna a ƙirƙirarriyar jihar Kowa. Da Turanci ne, kuma Arewar manyan gidaje ce, ba ta unguwanninmu irin Gangare ko Dilimi ba, amma yana riƙe mai kallo.

To amma a koma kan tambayata ta farko. Duk waɗanda na lissafa babu wanda zan kunna Hajiya tana zaune. Akwai kisa a fili, akwai giya, akwai kalamai da shigar da ba mu saba gani tare da manya ba. Na ƙasashen waje sun fi haka. Squid Game na Koriya ta Kudu, wanda ya fara a 2021 ya ƙare a 2025, yara sun san sunansa saboda wasannin yara aka yi amfani da su a ciki, alhali mutum 456 ne ke shiga gasar, ana kashe duk wanda ya faɗi. Na ji iyaye suna cewa "ai wasa ne." Ba na yara ba ne ko kusa. Manhajar tana nuna shekaru a kan kowane fim, 13, 16 ko 18, tana kuma ba da damar buɗe wa yara sashensu daban a kulle na manya da lambar sirri. Wanda ba zai zauna ya yi wannan saitin na minti goma ba, kada ya shigo da Netflix gidan da ke da yara.

Abin da zan kunna a falo daga cikinta shi ne irin Our Planet na 2019, kashi 8 a kan namun daji da teku da ƙanƙara. Ko wanda ba ya jin Turanci zai zauna ya yi ta tasbihi. Wannan ya kawo mu ga harshe: kusan komai da Turanci ne ko rubutun Turanci a ƙasa. Wanda karatunsa ba ya sauri zai gaji.

Sauran haɗarin na aljihu ne. Kuɗin yana fita daga kati da kansa kowane wata, ko an kalla ko ba a kalla ba. Kuma a guji masu tallar "asusun Netflix mai araha" a WhatsApp. Yawanci asusu ɗaya suke sayar wa mutane da yawa, wata rana ka wayi gari an canza lambar sirri, kuɗinka ya tafi. Ga mai kallo a waya, akwai saitin tattalin data da ke ba da kusan awa 6 a giga ɗaya, wato awa 60 ɗin nan ta wata ta dawo giga 10.

Prime Video na Amazon ba zan daɗe a kansa ba. A farkon 2024 kamfanin ya ja baya daga ɗaukar nauyin sababbin fina-finan Afirka, abin da ya rage mafi yawa na Amurka ne. Wanda Netflix bai ishe shi ba ne zai leƙa can.

Na Turkiyya, da masu tura fim a waya

Na haɗa su ne don a garin nan ta hannu ɗaya suka fi zuwa. Ertugrul, wanda tashar TRT 1 ta nuna daga 2014 zuwa 2019, kashi 150 ne, kowanne kusan awa biyu, labarin mahaifin Usman wanda ya kafa Daular Usmaniyya. Ci gabansa, na Usman ɗin, ya fara a 2019. Maza da dattawa suna son su, kuma da dalili: akwai salla, akwai sutura, akwai girmama iyaye, ba abin kunya. Sai dai akwai sara da suka da fille kai, ba na ƙananan yara ba ne. Kuma a riƙe cewa wasan kwaikwayo ne. Abin da tarihi ya adana game da Ertugrul kansa kaɗan ne, yawancin abin da ake gani marubuta ne suka tsara. Na sha jin ana kafa hujja da shi a majalisa kamar littafin tarihi.

Awa kusan 300 ba abin da za a kalla da data ba ne, shi ya sa ake zuwa wurin masu turi, a Terminus ko bakin Bauchi Road ko shagon cajin unguwa, a ba da memori ko filash a cika shi da fassarar Hausa da 'yan kuɗi kaɗan. Babu arha kamar wannan, babu ruwanka da sabis. Amma memorin da ya shiga kwamfutar da ɗaruruwan wayoyi suka shiga yakan dawo da cutar da ke lalata fayil. Kada a miƙa wayar kanta a tafi a dawo, hotunan iyali da saƙonnin banki suna ciki. Kashi yakan ɓace a tsakiya, fassarar ma wani lokaci mai fassara ke ƙara nasa. Idan kuma fim ɗin Kannywood ne, turin yana nufin wanda ya kashe kuɗinsa ya shirya bai samu komai ba. Garin da ke da hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantar koyon fim ta ƙasa, garin da aka ɗauki tsohon wasan kwaikwayon talabijin Cock Crow at Dawn, 'ya'yanmu ne ke cin abinci a wannan sana'a. Na Hausa dai a daure a kalla a tashar mai shi.

| Hanya | Kuɗi | Kallo a falo | Labari na ƙarewa? | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| YouTube | Data kawai | Yawanci ba matsala | Sau da yawa ana ja | Bidiyon da ke biyo baya |
| Arewa24 a dish | Kuɗin ɗaurawa | Ya fi kowanne | Zango-zango | Wuta da ruwan sama |
| Netflix | 2,500 zuwa 8,500 (farashin 2025) da data | Sai an tace | E, gajeru ne | Yara, cirar kuɗi da kansa |
| Masu turi | Kaɗan | Ya danganta | Kashi na ɓacewa | Cutar waya, haƙƙin masu fim |

Wa ya dace da wanne

Gidan gandu mai tsofaffi da yara da talabijin ɗaya: a ɗaura dish a kama Arewa24, abin da ya wuce a nemo shi a YouTube idan an ɗora. Ɗalibin Jami'ar Jos ko ma'aikacin da ke zaune shi kaɗai, mai jin Turanci, mai son labarin da zai gama cikin sati: Netflix na waya, da saitin tattalin data, ya riƙa saukewa da dare. Mai son fim ɗin Hausa da aljihunsa ba nauyi: YouTube a 360, ya zaɓi fim biyu kawai ya bi, kuma gara wanda zangonsa ya riga ya kammala. Dattijo mai son yaƙi da tarihi: Ertugrul a filash da aka ware masa shi kaɗai, a soka a bayan talabijin, kada ya taɓa shiga waya.

Ƙanwata kuwa na ce mata su bi maganar maigidan a ɗaura dish, tunda dangin miji ba sa rabuwa da gidan amarya. Netflix ta bari sai Disamba idan ya samu hutu, su biya na 4,000 wata ɗaya, su rubuta fim uku da suke so tun kafin su biya, su rage ƙarfin hoto zuwa matsakaici, kuma a ranar da suka biya ta shiga ta soke sabuntawa. Rajistar za ta ci gaba da aiki har ƙarshen watan, katinta kuma ba za a sake taɓa shi ba sai ta ce.